Bakwaini a Bagudo: Muna Auna Shinkafa, Ba Mu Auna Mai Ciki

Duk lokacin da sunan Bagudo ya fito a jarida, ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya kawo shi: ko dai jami'an kwastan sun kama buhunan shinkafa da jarkokin fetur a hanyar Tsamiya, ko Kogin Kwara ya yi ambaliya ya cinye fadamun Illo da Lolo, ko kuma 'yan siyasa sun je neman ƙuri'a. Mun san yawan tirelolin da aka tsare, mun san farashin buhu a wannan gefen iyaka da wancan gefen, har canjin sefa da naira muna bi kullum kamar masu hada-hadar kuɗi. Amma akwai wani awo da ba a kawo mana rahotonsa, wato nauyin matar da ta ɗauki ciki a waɗannan garuruwa, alhali kuwa wannan awon yana da hannu wajen yanke hukuncin ko cikin zai cika wata tara, ko kuwa za a haifi bakwaini.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: haihuwar bakwaini a yanki irin na Bagudo batu ne na tattalin arziki kafin ya zama batun ɗakin haihuwa. Jikin mace tamkar littafin lissafin gidanta ne. Abin da ya shiga rumbu da abin da ya fita, da aikin da aka ɗora mata, da cutar da ta kwantar da ita, duk suna rubuce a cikinsa.

Bari mu fara da kalmar kanta, domin tana ɓoye mana rabin matsalar. Bahaushe ya ce bakwaini, wato ɗan wata bakwai. Amma a wajen Hukumar Lafiya ta Duniya, duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bai isa haihuwa ba, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na irin waɗannan jarirai ana haihuwarsu ne tsakanin mako na 32 da na 37, wato a wata na takwas da farkon na tara. Waɗannan ba mai kiransu bakwaini a gida. Sai dai a ce yaron ƙarami ne, ko ba ya kama nono sosai, ko jikinsa da sanyi, idan ya koma kafin suna a ce kwana ya ƙare. Akwai ma camfin da ake yi a wurare da dama cewa ɗan wata bakwai yakan rayu amma ɗan wata takwas ba ya rayuwa, wanda ba shi da tushe ko kaɗan: kowane mako da ɗa ya ƙara a ciki ƙarin ƙwari ne ga huhunsa da ƙwaƙwalwarsa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin lokacinsu a shekarar 2020, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. Nijeriya ce ta uku a duniya, bayan Indiya da Pakistan, da jarirai kimanin dubu 774. Abin takaici shi ne, rahoton farko na 2012 ya ba Nijeriya kusan wannan adadin daidai, kimanin dubu 773 a shekarar 2010. Shekara goma ana taro ana watsewa, lamba tana nan inda take. Matsalolin da ke biyo bayan wannan haihuwa su ne kan gaba wajen kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya. Sun ɗauke kimanin dubu 900 a 2019 kaɗai.

To ina nauyin uwa ya shigo? Likitoci suna da wani lissafi da suke haɗa nauyin mutum da tsawonsa. Domin kada mu ɓata cikin lambobi, ɗauki mace mai tsawon mita 1.6, wanda shi ne matsakaicin tsawo a wajenmu. Idan nauyinta bai kai kilo 47 ba kafin ta ɗauki ciki, ta rame fiye da kima. Daga kilo 64 ta fara ƙiba, daga kilo 77 kuma ƙibar ta zama cuta. A 2011 masu bincike a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada sun tattara nazarce-nazarce 78 da suka ƙunshi mata fiye da miliyan ɗaya, suka gano cewa ramammiyar mace ta fi mai matsakaicin jiki haɗarin haihuwa kafin lokaci da kusan kashi 30 cikin 100, haɗarin haihuwar jariri maras nauyi kuwa ya ƙaru da fiye da kashi 60. Dalilan ba su da wuyar fahimta. Mace mai ciki tana buƙatar jininta ya ƙaru ƙwarai domin ya ciyar da mabiyiya; wadda ta shigo cikin da ƙarancin jini da ƙarancin tanadi a jiki, mabiyiyarta ba ta samun isasshe, garkuwar jikinta tana da rauni, cututtukan mafitsara da na al'aura suna saurin kama ta, su kuwa waɗannan cututtuka suna daga cikin manyan abubuwan da ke fasa faya da tayar da naƙuda kafin lokaci.

Sai dai kada mai karatu da ke zaune a Birnin Kebbi ko Kaduna ko Abuja ya ɗauka zancen na ƙauye ne kawai. Igiyar tana da baki biyu. Wani babban bincike da aka yi a Suwidin, aka buga a 2013, wanda ya bi haihuwa kimanin miliyan ɗaya da rabi, ya nuna cewa gwargwadon ƙibar uwa gwargwadon ƙaruwar haɗarin haihuwa tun kafin mako na 28, wadda ita ce mafi muni. Ƙiba tana tafe da hawan jini da ciwon suga na masu ciki, hawan jinin kuma shi ke kai ga jijjiga, sai likita ya ga babu mafita illa ya fito da ɗan ko da bai ƙosa ba, domin ya ceci uwar. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ramammu ne, kashi 28 kuma suna da ƙiba. Ramar ta fi yawa a Arewa da karkara da gidajen talakawa. Ƙibar ta fi yawa a birane da gidajen masu hali. Mu da muke yaba amarya da cewa ta yi ɓulɓul, gidan miji ya karɓe ta, ya kamata mu san akwai iyakar da yabon ke komawa gargaɗi.

Bambancin dai shi ne abin da ke biyo baya. Matar ma'aikaci mai ƙiba tana zuwa awo, ana gwada jininta, ana yi mata hoton ciki, idan abu ya ɓaci akwai mota a ƙofar gida, akwai kwalbar jarirai a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi ko na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ita kuwa ramammiyar da ke wani tunga a bakin kogi bayan Lolo, kafin ta kai ga kwalta sai ta hau kwalekwale ko babur. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi wannan gaskiya a sarari: cikin jariran da aka haifa kafin mako na 28, fiye da tara cikin goma suna mutuwa a kwanakin farko a ƙasashe matalauta, alhali a ƙasashe masu arziki waɗanda ke mutuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ke nan matsayin gida yana duka sau biyu: shi ke tura cikin ya fito da wuri, shi ne kuma ke hana a ceci abin da aka haifa.

Idan muka dawo Jihar Kebbi, alƙaluman binciken 2018 ɗin nan masu sa mutum ya sunkuyar da kai ne. Kashi 15 cikin 100 kawai na masu ciki ne suka ga ƙwararren ma'aikacin lafiya lokacin goyon cikinsu, kashi 3 kacal suka haihu a hannun ƙwararru. A duka biyun Kebbi ce ta ƙarshe a ƙasa. Yara 252 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar. Kashi 66 na yara sun tsumbure saboda tamowa, kuma fiye da rabinsu an samu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsu. Binciken zazzaɓin na 2021 ma ya sake samun Kebbi a kan gaba da kashi 49. Ƙididdigar talauci ta Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2022 ta sa fiye da kashi 80 na mutanen jihar cikin matalauta. Yarinyar da ta tsumbure a 2018 ita ce amaryar da za a kai ɗaki nan da 'yan shekaru, gajera, ramammiya, ƙugunta bai gama buɗewa ba, jikinta na neman abincin da zai ƙarasa girma, ga kuma ɗa a ciki yana neman nasa. Sannan idan ta haihu ta yi kwanika, ta shiga ciki na biyu tun kafin ta mayar da abin da na farko ya ɗiba.

Wannan duka a jihar da muke kira rumbun shinkafa. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a watan Nuwamban 2015, kuma daga nan ne shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta fito a ƙarshen 2016. Ba na raina wannan ƙoƙari. Amma shinkafar da aka noma domin sayarwa da biyan bashi daban, abin da ke shiga kwanon mai ciki daban. A gidajenmu da yawa, maigida ake fara zuba wa, da tsokar kifin da ke cikin miyar, sai baƙi, sai yara, uwargida ta kankare tukunya. Ga kunyar cikin fari da ke hana yarinya ta faɗa har sai ya fito fili, ga tsoron da tsofaffi ke cusawa cewa yawan ci zai sa ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. A bakin kogin da ake kama kifi ana banda shi ana lodawa zuwa kudu, bai kamata a samu mai ciki da ke yin mako ba ta ɗanɗana shi ba. Malamanmu kuwa sun san ciyar da mai ciki wajibi ne a kan miji, har wadda aka saka, sai ta sauka. Da ana jin wannan a huɗuba kamar yadda ake jin batun ɗa'ar mata, da an rage wani abu.

Yanzu ga batun iyaka. Mutanen Bagudo, Hausawansu da Fulaninsu da Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa, dangi ne da mutanen Segbana da Malanbil a jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin. Auratayya ɗaya, kasuwanni ɗaya, tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layi a tsakaninsu. Da gwamnati ta rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019, sannan a Nuwamba ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, hankalin kowa ya tafi ga manyan 'yan fasa-ƙwauri. Amma wadda ke turara shinkafa ta aika kasuwar ƙetare, da mai ƙuli-ƙuli, da mai fura da nono, su ne ba su da wata hanyar. Kuɗin irin wannan sana'a shi ne kuɗin da mace ke da iko da shi, shi take sayen ƙwai ko ƙosai ko ta hau babur zuwa awo ba tare da ta roƙi kowa ba. Da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disamban 2020, sannan Idiroko da Jibiya da Kamba da Ikom a Afrilun 2022, babu mashigar Bagudo ko ɗaya a jerin. A tsakani ga ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a jihar. Sai cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024, shekarar da hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100. Faɗuwar naira a gaban sefa ta sa hatsinmu ya zama araha ga mai saye daga ƙetare, ya zama tsada ga mai nomansa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai an yi muhawara a kansa a majalisa da jaridu, amma ban ji wanda ya tambayi kilo nawa ya rage a jikin masu ciki ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka abinci kaɗai ne maganin, kuma a nan ne darasin ƙasar Gambiya yake da amfani, domin yanayinsu irin namu ne: damina ɗaya, noman hannu, rumbu ya ƙare kafin kaka. Hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta shafe shekaru da dama tana rubuta kowace haihuwa a Keneba da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna haihuwa kafin lokaci ba ta tafiya bai ɗaya cikin shekara. A watan Fabrairu kusan kashi 5 ce cikin 100, a Yuli ta haura zuwa kashi 17, ta sauka, ta sake tashi zuwa kusan kashi 14 a Oktoba. Yuli lokacin tsananin aikin gona ne, Oktoba kuma ganiyar zazzaɓin cizon sauro. Jariran da suka cika wata tara amma suka zo ƙanana, su kuma sun fi yawa a ƙarshen lokacin yunwa. A can ne kuma aka gwada ba masu ciki wani biskit na gyaɗa kullum, aka buga sakamakon a 1997: nauyin jarirai ya ƙaru da kimanin giram 200 a lokacin yunwa, haihuwar gawa da mutuwar makon farko suka ragu ƙwarai. Wato abincin ya ƙara wa ɗa nauyi da ƙarfin rayuwa, amma abin da ke tayar da naƙuda da wuri ya haɗa da wahalar aiki da zazzaɓi.

Duk wanda ya san Bagudo a watan Yuli zuwa Oktoba ya san wannan hoto. Lokacin ne hatsi ya fi tsada, lokacin ne mata ke dashe da cire ciyawa ko kai abinci gona, ga daka da surfe da ɗebo ruwa da itace waɗanda ba sa jiran kowa, lokacin ne fadama ke cika sauro ya yi yawa, kuma lokacin ne hanyoyi ke yankewa. Shiri na masu ciki da aka tsara a ofis kamar kowane wata daidai yake da ɗan'uwansa, an tsara shi ne ga wata ƙasa daban.

Abin da ya kamata a yi sananne ne, kuma yawancinsa ba ya bukatar sabon gini. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, a yi mata hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24 domin a san ainihin shekarun cikin, a ba ta maganin ƙarin jini kullum, a ba ta Fansidar na rigakafin zazzaɓi aƙalla sau uku daga wata na huɗu, sannan a wuraren da rama ta yi yawa a ba ta ƙarin abinci mai gina jiki. Wannan na ƙarshen shi ne muka fi watsarwa. Muna da cibiyoyin kula da yara masu tamowa, kamar wadda ƙungiyar likitocin MSF ta buɗe a Maiyama a 2022, kuma Allah ya saka musu. Amma tamowar yaron da ake kwantarwa a can sau da yawa ta faro ne tun yana ciki. Sikeli da zaren awon damtse ba su da tsada; mai cikin da damtsenta bai kai santimita 23 ba, ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye za ta iya gane ta cikin minti ɗaya. Gyaɗa da wake da waken suya da busasshen kifi duk ana samunsu a jihar, ba sai an jira jirgi daga Turai ba. Akwai kuma ƙwayar nan mai sinadarai 15 da ta fara maye gurbin tsohon maganin ƙarin jini, wadda nazarin da aka buga a 2017 ya nuna amfaninta wajen rage haihuwa kafin lokaci ya fi bayyana ga ramammun mata. Idan za a raba ta, Bagudo da makamantanta ya kamata a fara, kuma kafin ruwa ya yanke hanya.

Batun kuɗi ma mun taɓa gwadawa. Shirin SURE-P na 2012 ya riƙa ba mai ciki har naira 5,000 idan ta cika awo ta haihu a asibiti, sai aka rufe shi a 2015 da canjin gwamnati. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci, ga kuma hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar, KECHEMA. Abin tambaya ga 'yan majalisarmu shi ne nawa ne daga ciki ke isa ga mai ciki a matsayin kuɗin babur da abinci, domin awo kyauta ba kyauta ba ne ga wadda za ta kashe kuɗin cefanen kwana biyu kafin ta isa wurin.

Shi kuwa wanda aka riga aka haifa, bai kamata rashin kwalba ya zama hukuncin kisa ba. A 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kwalambiya, Edgar Rey, da ya ga kwalabe sun yi kaɗan, sai ya sa iyaye su ɗaure jariran a ƙirji, fata da fata, dare da rana, suna shayar da su. Gwajin da aka yi a ƙasashe biyar, har da Asibitin Koyarwa na Ile-Ife, aka buga a 2021, ya nuna fara wannan goyon nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jariran da ba su kai kilo 1.8 ba da kashi ɗaya cikin huɗu. Ga al'ummar da goyo ya zama jininta, abin da ake nema shi ne a juyo da ɗa daga baya zuwa gaba, a jinkirta yi masa wanka, a kuma samu wanda zai karɓi uwar, ko kaka ko goggo ko ma uban. Ungozomomin gargajiya suna karɓar haihuwa da yawa a wannan yanki, don haka su za a fara koya wa.

Saura batun da ya keɓanta da iyaka. Mace daga Tsamiya takan koma gidan iyayenta a Segbana goyon ciki, ta Malanbil takan auro Illo. Ta fara awo a ƙasa ɗaya da kati na Turanci, ta haihu a wata ƙasar inda ake rubutu da Faransanci, babu wanda ya san kilo nawa take a wata na uku, ko sau nawa ta sha maganin zazzaɓi. Benin ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta tun 2009, mu sai a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da irin wannan ga mata marasa ƙarfi. Ƙasashen biyu sun iya haɗa kai su yi rigakafin shan inna a mashigai da kasuwanni rana ɗaya, kuma jami'an kwastan ɗinsu suna zama teburi ɗaya idan batun tirela ya taso. Katin awo guda mai harshe biyu, da lambar waya tsakanin ungozomar Illo da takwararta ta Malanbil, abu ne da Gwamna Nasir Idris da shugaban Ƙaramar Hukumar Bagudo za su iya nema daga hukumomin Kandi kafin damina mai zuwa.